Shanyar Iya Malsun

A ƙauyenmu na Solgol, idan aka ga Iya Malsun ta fito da tsintsiya tana share filin da ba nata ba, kowa ya san ruwan damina ya ɗauke, barkono kuma ya nuna.

Ita ce mace ta shida a ɗakin uwarta. Ubanta ya sa mata Malsun, sunan da ake sa wa yarinya idan ana fatan daga kanta haihuwar mata ta ƙare. Ba ta ƙare ba, an ƙara biyu. Aure ya kawo ta Solgol, ta tarar da miji mai haƙuri, da gona a jikin dutse, da gidan da rana ba ta leƙa tsakarsa sai ta kusa faɗuwa. Mijin ya rasu tun ina firamare. 'Ya'yan sun watse, namijin yana Incheon, macen tana Busan. Gonar da inuwar dutsen ne suka zauna da ita.

Shi ya sa rayuwarta kaf ta tafi a neman abu ɗaya, wato shimfiɗaɗɗen wuri mai rana. Da farko a bakin hanya take shanya, har aka zuba kwalta manyan motoci suka fara bi ta kan tabarmarta. Ta koma filin makarantarmu, ta daɗe a nan, har yara suka ƙare a garin aka rufe makarantar. Daga nan ta koma filin da tsofaffi ke buga ƙwallon sanda, inda ta yi shekaru tana faɗa da su a kan iyaka.

Kowa a garin ya daɗe da sayen injin busar da barkono. Ka zuba yau, ka kwashe gobe. Iya Malsun ta ce ba da ita ba.

"Wannan ai dafaffen barkono ne," in ji ta. "Dubi hancinsa, kore shar kamar bai taɓa ganin rana ba. Na rana hancinsa rawaya yake yi, in ka ɗaga shi kana hango 'ya'yan ciki. Wadda ta aika wa ɗanta na inji, gara ta fito fili ta ce ba ta son sa."

Duk shekara sai ta goge kowace ƙwaya da jiƙaƙƙen tsumma, ta kai niƙa, ta aika wa 'ya'yanta su yi kimci, wato kabejin da ake tsimawa da yaji a ajiye don lokacin sanyi. Matar ɗanta takan bugo waya ta yi godiya da irin muryar masu karanta sanarwa. Iya ta san ana rabar da rabin saƙon ga maƙwabta. Bai dame ta ba. Ita dai a ce duk inda jikokinta suka buɗe baki, ranar Solgol ce ke shiga.

Sai shugaban gundumarmu, Pyo, ya tafi Turai ƙaro ilimi, ya dawo da labarin cewa rashin wurin wasanni ne ya kori matasa daga gundumar. Aka kwashe filin ƙwallon tsofaffi. Aka ɗauko wani mai zanen gini daga Seoul, sunansa Eom, mutumin da ba ya sa kaya sai baƙaƙe ko da tsakar zafi. Da aka gama ginin aka raɗa masa Zauren Gajimare. A ciki akwai wurin ninkaya, da bangon da ake hawa da igiya, a ƙauyen da in ka cire ni da mai kawo wasiƙu, ƙaramin cikinmu ya ba sittin baya. Rufin kuwa fari ne fat. Daga ƙasa ya taso a hankali kamar tudu, mutum zai iya takawa har sama, kuma yana kallon kudu.

Ranar buɗewa kowa ya shiga ciki kallon ruwa. Iya Malsun ta tsaya a waje. Na gan ta ta cire takalmi ɗaya, ta ɗora tafin ƙafarta a kan rufin, tana sauraron ɗuminsa. Can ta gyaɗa kai.

"Yaron nan mai baƙaƙen kaya ya iya aiki," ta ce.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, ina aiki a sashen wasanni na gunduma a ƙarƙashin Shugaban Sashe Bang. Bang ɗan garinmu ne, uwarsa ta tsufa tana sayar da awara a kasuwa, amma tun da aka rataya masa katin aiki a wuya ya koma magana irin ta mutanen Seoul. Shi aka damƙa wa zauren. Da aka yi tsinkar barkono ta farko, ya zo da safe ya tarar da kusurwar rufin ta yi ja.

"Iya, nan fa wurin gwamnati ne."

"Ranar ma ta gwamnati ce?"

"Jan zai kama fenti. Fentin nan daga waje aka kawo shi."

"Kai, ɗan mai awara," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ni na goya ka lokacin da uwarka ke asibiti. Fitsari ka tsula min a baya, ban ce ka ɓata min fenti ba."

Bang ya sa aka kafa allon hana shanya. Iya ta ji daɗin allon ƙwarai, don a jikinsa take ɗaure bakin tabarma kada iska ta kwashe.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Zauren Gajimare ya shiga sahun ƙarshe a wata gasar duniya ta zanen wuraren wasanni, kuma alƙalai za su zo daga Turai su gani da idonsu. Cikin abin da za su duba har da yadda ginin ya shiga rayuwar mutanen wurin. Bang ya karanta wannan layin, ya leƙa zauren, ya ga mutanen wurin. Tsofaffi ne kwance a ƙasa suna barcin rana a sanyin na'ura, wasu suna karta, wani ya shanya safarsa a igiyar hawa bango. Bang ya dawo ofis fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Aka yi taro. Aka yanke cewa mutanen wurin ba su dace baƙi su gan su ba. Za a ɗauko ɗaliban kwalejin wasanni daga birni su yi ninkaya da gudu. Tsofaffin kuma za a kai su bakin teku kyauta, su ci gasasshen kifi, su yi waƙa a mota, su dawo bayan baƙi sun tafi. Eom ya sa aka kwashe kwandunan shara da kujerun da tsofaffi suka kawo, wai babu su a zane. Muka yi ta gwajin rusunawa a gaban madubi. Ni aka ce zan yi tafinta, saboda Turanci na karanta, duk da cewa ko da harshenmu ban cika magana ba.

A makonnin nan kuwa ruwa ya dawo. Tsinka ta biyu, wadda ta fi kowace yawa, tana jibge a ɗakin Iya Malsun. Ta kunna wutar ƙarƙashin daɓe mai ɗumama ɗaki, ta kunna fanka, tana juyawa, amma wasu sun fara laushi, farar fumfuna ta fara fitowa. Masu hasashen yanayi suka ce gari zai washe ranar da baƙi za su zo.

Ana gobe, Bang ya je gidanta da kansa, da kwalin ruwan lemo a hannu, ni ina biye.

"Iya, kujerar gaba na kama miki, kusa da direba. Babu jijjiga."

"Tun yaushe kake so na haka?"

"Haba Iya. Ai ke uwata ce."

"To, uwarka ta gode. Ajiye lemon can."

Da safe ta zo wurin bas kafin kowa. Ta karɓi hular da aka raba, ta karɓi ƙunshin wainar shinkafa da kwalbar ruwa, ta zauna a kujerar gaba har Bang ya ƙirga ta. Da ya juya ya tafi tarar baƙi, sai ta ce wa direba ta manta maganinta, su tafi kawai. Tana da wani tsohon keken jarirai da take dogarawa saboda bayanta. Da shi ta yi jigilar buhunan.

Alƙalan su biyu ne, wata doguwar mace mai gajeren farin gashi, da wani namiji da bai ce komai ba sai ɗaukar hoto. Ta ƙofar baya aka shigo da su. Ɗaliban suna ninkaya a jere kamar an kunna su da maɓalli. Wani yana hawa bango yana sauka, yana hawa yana sauka, yana murmushi. Doguwar ta kalli wannan duka, ta juyo gare ni.

"Ina mutanen garin?"

Na faɗa wa Bang. Ya ce in ce su ne waɗannan. Na faɗa, ina kallon takalmina. Ta tsugunna a bakin ruwa ta tambayi wani yaro sunan ƙauyen. Yaron ya kalli Bang. Ta rubuta wani abu gajere, kuma daga yadda ta rufe biron na san ba yabo ba ne.

Aka hau matakala, Eom yana gaba yana bayani a kan farin launi da shirun sararin sama. Ya tura ƙofar rufi.

Ja ne ko'ina. Daga ƙofar har gangarar ƙasa, barkono ne shimfiɗe yana ƙyalli a rana, yajinsa ya cika iska. A tsakiya Iya Malsun ce tsugune, da wandonta mai furanni da sabuwar hular gunduma, tana ja da manjagara. Bang ya yi wani sauti a maƙogwaro. Eom ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ke doguwa!" Iya ta ɗaga murya. "Matsa can, inuwarki ta rufe min rabin tabarma."

Ban fassara ba, don hannun Iya ya riga ya fassara. Doguwar ta matsa da sauri, tana dariya. Mai hoto kuwa har ya kwanta rub da ciki. Doguwar ta juya wurin Eom ta tambaye shi ko da wannan a ransa lokacin da ya karkatar da rufin kudu.

Eom ya sake duban rufin.

"Tun ranar farko," ya ce.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce farin dama jira yake ja ya zo ya cika shi. Ya ce yana yaro kakarsa takan yi shanya a tsakar gida, kuma ginin nan wasiƙa ce gare ta. Bang ya ce in ƙara da cewa gunduma ce ta gayyaci Iya. Duk suna yi, shi kuma ya ja jiki ya tsaya a gaban allon hana shanya, ya baje kafaɗu.

"Ke, me mai baƙaƙen kayan yake cewa?" Iya ta tambaye ni.

"Ya ce dominki ya yi rufin, Iya."

"To ki ce ya ƙara ɗan bango ta yamma. Iska tana dama min lissafi."

A shekarar babu wanda ya sake yi mata magana. Ta busar da barkononta tas, ta ce tun da ta zo Solgol ba ta taɓa samun mai kyansa ba.

Zauren Gajimare ya ci gasar. Aka rataya ƙyallaye daga bakin babbar hanya har ƙofar ofis. Shugaba Pyo da Eom da Bang suka tafi Turai suka karɓo wani gilashi mai kusurwa uku. Hoton Iya a tsugune cikin ja ya shiga mujallu, ya hau jikin bas, ya hau kalandar gunduma. Ita kuma aka ba ta takardar yabo da tawul mai ɗauke da sunan shugaba. Ta ce tawul ɗin ba ya shan ruwa.

Sai baƙi suka fara zuwa. Suka zo cikin ƙanƙara, suka zo lokacin furanni, su hau rufin su ga fari fat, su sauko suna tambaya ina barkonon. Wasu suka rubuta a intanet cewa an yaudare su. Aka sake yin taro. Wani ya ce ai barkono lokaci gare shi. Shugaba Pyo ya ce lambar yabo ta duniya ba ta da lokaci. Aka nemo kamfanin da ke ƙera abincin roba da ake jerawa a tagogin gidajen abinci, aka ba shi aiki. Suka kawo barkonon roba mota guda, kowane ɗaya santalele, ja jawur, da koren hanci. Aka manne su da gam a rufin, aka zagaye da igiya. A tsakiya aka ajiye mutum-mutumin tsohuwa a tsugune da manjagara.

Iya ta zo ta zagaya shi sau biyu.

"Wannan wa ta haifa? Ƙugun nan bai taɓa ɗaukar ciki ba."

Da damina ta wuce ta turo kekenta kamar kullum. Bang ya tare ta a bakin igiya. A wannan karon bai ɗaga murya ba, har ya ɗan rusuna.

"Iya, ki yi haƙuri. Wurin nan yanzu ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin shugaba. Na duniya ne."

"Duniyar ce za ta yi wa jikokina kimci?"

"Ko'ina a manne yake, Iya. Ko na bar ki, ina za ki shimfiɗa?"

Ta leƙa. Gaskiya ya faɗa, babu wurin da ko tabarma ɗaya za ta kwanta. Ta juya keken ta gangara a hankali.

Ɗanta ya ji labari, ya aiko mata da injin busarwa, sabo dal. Da na je duba ta na same ta zaune a gabansa. Ta cire ledar, ta jona wayar a bango, amma ba ta danna komai ba. Ɗakin yana warin barkonon da ya fara lalacewa. Ta ware waɗanda suka ruɓe a kwano, kwanon ya kusa cika.

"Iya, ki gwada sau ɗaya mana. Ba za su gane ba."

"Ni zan gane."

Na taya ta tsince wasu. Can ta ce, "Na roban nan, sun kwanta a ƙasa ne, ko sun ɗan taso?"

"Sun ɗan taso. Kamar yatsa biyu."

"Kuma ba sa motsi?"

"Ko guguwa ba ta ɗaga su."

Ta miƙa hannu ta zare wayar injin.

Washegari ina isa ofis mai gadin zauren ya bugo wa Bang waya, wai tun safe yake atishawa bai san dalili ba. Muka tafi a guje. Daga ƙasa rufin yana nan yadda yake, ja a kan fari. Sai da muka hau muka gani. Iya ta tsallake igiya, ta shimfiɗa siririyar raga a kan na roban, ta zuba nata a kai. Iska tana shiga ta ƙasa, rana tana duka ta sama. Ita kuma tana tsugune kusa da mutum-mutuminta, sai dai ta fi shi faɗi.

Bang ya buɗe baki zai yi magana, sai ga bas ta sauke baƙi daga Seoul, kowa da waya a ɗage. Na ga yana lissafi a zuci. Zaɓe ya matso, kuma ba ya son ya zama mutumin da aka ɗauka yana jan tsohuwa daga gefen gunkinta. Ya rufe bakin.

Baƙin suka yi ta hoto. Wata mata ta nuna mutum-mutumin ta ce, "Iya, ɗan matsa kaɗan, muna so mu ɗauka da Iyar." Iya ta matsa. Wani mutum mai babbar kyamara ya sunkuya a kan ragar ya daɗe yana dubawa, sannan ya nemi wanda ke kula da wurin.

"Kai ne shugaba a nan? Na wannan ɓangaren ba a yi su da kyau ba. Dubi, duk sun yamutse, launin ya yi duhu, girman ma ba ɗaya ba. Kana gani ka san ba na gaske ba ne. Wurin da ya ci lambar duniya bai kamata a yi masa aikin arha ba."

Bang ya haɗa ƙafafu ya rusuna sosai, irin yadda muka gwada a gaban madubi.

"Ka yi gaskiya, yallaɓai. A gafarce mu. Za a kwashe su nan ba da daɗewa ba."

Da mutumin ya wuce, Bang ya matso, yana magana ta gefen baki.

"Iya, yaushe za a kwashe?"

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta kai kunne, ta girgiza. 'Ya'yan ciki ba su yi ƙara irin ta busasshe ba.

"Da saura," ta ce.